Masakin Goggo a Kan Ruwa

Ƙarfe tara da minti goma na safiyar wata Laraba kaskon mai ya kife wa Goggo a hannu. Na riƙe lokacin ne saboda an kaɗa mana ƙararrawar tara a elementare ta Kabo, kuma tafiyar minti goma ce daga bakin ajinmu zuwa gida, inda nake zuwa shan koko. Ina sa ƙafa a tsakar gida na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Makon jiya Allah ya karɓi abinsa, kuma duk matar da ta shigo mana gaisuwa, da zarar ta shafa addu'a, sai ta ɗauko zancen hannuwan nan.

Ina makarantar horon malamai a Kano saƙon ya iske ni. Na biyo wata motar gyaɗa da ta sauke kaya za ta koma, na iso bayan an dawo daga maƙabarta. Tsakar gidanmu babu wurin aje ƙafa. Ga matan da ban taɓa gani ba, daga Durun, daga Mainika, daga ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba, wasu da goyo, wasu suna dogara sanda. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Ita ta kaɗa mini ranar bikina," kamar dai wannan ce dangantakar da ta kawo ta.

Matar limamin unguwarmu ta yi doguwar addu'a, ta rufe da cewa, "Allah kuma ya yafe mata kiɗan nan da ta yi ta yi."

Maƙwabciyarmu mai daddawa ta ce, "Amin, matar Liman. Mu ma da muka taka rawar Allah ya yafe mana. Har da wadda ɗankwalinta ya faɗi ranar bikin autarta."

Dariya ta kuɓuce wa mutane a wurin makoki. Matar liman ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna motsi. Innata ma ta yi dariyar, sai kuma ta juye mata kuka, aka riƙe ta.

A zaure wani zancen ake. Maza suna cewa mace ce mai zumunci, ba a taɓa samun algus a man gyaɗarta ba, ba ta taɓa barin maƙwabci ya kwana da yunwa ba. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ambaci kiɗa, domin sun san Baba. Shi kuwa kansa a ƙasa, ba ya wuce "Mun gode, Allah ya ba da lada." Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a riƙa cewa wata mai ƙuli-ƙuli ce ta taɓa zama a ɗakin kudu.

Goggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Kakanninmu makiyaya ne. Da shanu suka ragu suka kafa gida a Kabo, suka kama fartanya, amma kunyar ruga ba ta bar gidan ba. A wurin Baba, ɗan gidanmu ba ya kiɗa, sai dai a yi masa. Goggo kuwa tun tana yarinya, in an aike ta wanke ƙoran nono sai an bi sawu, a same ta ta kife su a bakin rafi tana bugu. Da mijinta ya rasu ba ta sake aure ba. Ta dawo gidan ƙanenta da turmi, da kasko, da masaki guda, wata babbar ƙwarya, wanda ba a taɓa zuba komai a cikinsa ba.

Su biyar ne suke yawon biki. Zabiya, wata 'yar Gwarzo gajera mai faɗin ƙirji, ita ke waƙa. Goggo tana zaune a damanta, masaki kife a kan naɗaɗɗen zani, tana bugunsa da tafi da dunƙule. A bayansu mata uku ne da ƙananan ƙorai da 'yan sanduna, ɗaya daga cikinsu ƙwaryarta a kife kan ruwa. Wurin baya na masu koyo ne, duk wadda ta shigo sana'ar daga nan take farawa. Goggo kaɗai ce ba ta taɓa zama a can ba, kuma ba ta bari a manta.

"Sanda ai jaki ake kora da ita," takan ce. "Ni da hannuna nake magana da ƙwarya."

Ba ta waƙa ko kaɗan. Ta ce in ta buɗe baki kwaɗi za su zaci damina ta dawo. In ta shiga kasuwa ba ta wuce rumfar masu ƙorai sai ta ƙwanƙwasa kowacce da bayan yatsa ta kai kunne, ko da ba saye za ta yi ba, har masu rumfar suka saba tambayarta wacce za su ɗaga wa kuɗi. Kowace safiya tana shafa wa tafukanta man shanu, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa. In ina karatu a gefenta takan riƙa taɓa bangon littafina da farce, a hankali, har in ga idona yana bin layi da saurin bugunta.

Bikin masu hali takan je a kan lokaci. Bikin marasa hali kuwa tun da hantsi take isa, ta ce gidan da ba shi da jama'a kiɗa ne ke tara masa.

Tana da ƙa'ida a kan goron gayyata. In an kawo mata goro ba za ta iya zuwa ba, a take take mayar wa ɗan aike abinsa, ta ba da haƙuri. In ta fasa shi ta sa a baki a gabansa, magana ta ƙare, ko ana ruwan sama za a gan ta. Kwana biyu kafin Larabar nan wata tsohuwa ta tako da ƙafa daga Durun da goro biyu a ƙulle a bakin zani. Jikarta za ta aurar, marainiya, wadda Goggo ce ta kaɗa a bikin uwarta. Tsohuwar ta ce ba ta da kowa, tana tsoron ranar wuni a leƙo gidan a ga su uku. Goggo ta fasa goro ta ci.

Kaka ce lokacin. An tone gyaɗa, sabuwa ta cika gari, motoci suna ta jigila zuwa Kano. Kwana uku Goggo ta yi tana suya da daka da matsa. Ranar Larabar tana toya ƙuli-ƙuli a cikin man, sai dutse ɗaya na murhu ya goce, kasko ya karkata. Duk mai wannan sana'a ta san dokar, Goggo ce ma ke koya wa sababbi: in kasko ya tafi, ja da baya ki bar shi. Ita ta tare shi da hannu biyu.

Daga baya Inna ta tambaye ta abin da ya kai ta. Ta ce, "Man kwana uku fa, Innar yara. Ido ya ga yana tafiya, hannu bai yi shawara da ni ba."

Kafin Baba ya iso daga gona mata sun cika gidan, kowacce da maganinta, mai ƙwai, mai zuma, mai gashin zomo, kuma duk an shafa. Baba ya tare mota a bakin hanya ya kai ta ɗakin shan magani na Gwarzo. Malamin asibitin ya daɗe yana tsince gashin zomo da hantsaki kafin ya wanke ya naɗe. Abin da ya gaya wa Baba, Baba ya maimaita mana shi a tsakar gida da ƙarfi don ta ji daga ɗaki. Sabuwar fata za ta fito, amma siririya kamar ɓawon albasa. In ta daki wani abu da tafin nan kafin wata uku, fatar za ta tsage, yatsun su naɗe, ba kuma za su ƙara buɗewa ba.

Bikin Durun saura kwana ashirin.

Satin farko Inna ce ke ba ta tuwo a baki, ita ke ɗaura mata zani. Goggo ta tsani haka fiye da ciwon. Hannuwanta biyu a naɗe fari fat, a ɗage gaban ƙirji, ba ta iya korar ƙuda. Ranar kasuwa Baba ya shigo da ƙunshin ganye ya ajiye a gabanta.

"Adda, ga goro. Gobe zan aika Durun a ba tsohuwar nan haƙuri."

"Goron wa?"

"Wanda za a mayar mata mana."

"Nata na cinye shi, Auta. Wannan naka ne, ci abinka."

"Biyu ta kawo, goma na sayo."

"Ko ɗari ka sayo. Wanda ta kawo da idonta ta ga na fasa na sa a baki. In kana da dabarar fito da shi, bismilla."

Baba mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma ranar ya ɗaga. Ya ce, "Adda, ki dubi Allah. Ba ki ga ishara a abin nan ba? Shekara nawa ina shiga kasuwa ana nuna ni, ana cewa ga ƙanen mai bugun ƙwarya? Allah ya kawo miki hutu, ki huta."

"Ishara? Dutsen murhu ne ya goce. Wanda na ce ka sauya mini tun kafin damina."

Baba ya juya ya fita. Goron ya kwana huɗu a wurin, ba wanda ya taɓa, har Inna ta raba wa maƙwabta.

Zabiya ta zo a rana ta takwas. Tun daga zaure muka ji ta.

"Ina Bafillatanar da ta soya kanta?"

"Shigo, Maƙogwaro. Da ƙafa kika zo, ko muryar ce ta turo ki?"

Ta shiga tana dariya. Da ta ga hannuwan sai dariyar ta tsaya, ta zauna ta daɗe tana kallonsu. Suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Gwarzo ɗaya bayan ɗaya. Sannan Zabiya ta gyara zama.

"Na sami wata a Gwarzo, tana da hannu. Ita za ta riƙe masaki a Durun."

"Riƙewa za ta yi ko za ta gaje ni ne?"

"In kin warke wurinki ne. In ba ki warke ba, ni ba zan yi waƙa a kan iska ba, kin sani. Amma ki zo. A ɗaura miki 'yar sanda a hannu, ki zauna a baya ki taɓa ƙaramar ƙwarya. Kin cika alkawari ke nan, hannu bai taɓu ba."

"Ni? A baya? Bayan 'yar da na girmi uwarta? Da sanda?"

"To zauna nan Innar yara ta yi ta ɗura miki tuwo kamar jaririya."

"Tashi ki fita mini daga ɗaki."

"Dama tafiya zan yi. Ɗakin naki ƙauri yake."

Ta fita ɗin. A tsakar gida na gan ta tana share ido da bakin mayafi, ta harare ni ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Kwana biyu bayan nan, da azahar, gida ya yi tsit, ina karatu a rumfa, sai na ji bugu ɗaya daga ɗakin kudu. Ɗaya tak. Na shiga na tarar da masaki a ƙasa, Goggo a durƙushe a gabansa, jini yana ratsa farin ƙyallen hannunta na hagu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kira mini uwarki. Kada ki yi gudu." Daga ranar ƙaramin yatsanta na hagu da na kusa da shi suka lanƙwashe, har ta koma ga Allah ba su miƙe ba. Malamin asibiti bai yi ƙarya ba, kuma yanzu ta gani da idonta: bugu ɗaya ya ci yatsa biyu, wuni guda zai cinye sauran.

Kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. Muka ɗauka shi ke nan. Inna ma ta fara cewa ko a nemo wani goron.

Rana ta huɗu da hantsi ta fito tsakar gida ta ce wa Inna, "Ɗauko babban daron nan da kike jiƙa gero. Cika shi da ruwa."

Inna ta cika. Ta ce a kife masaki a kai. Ba a taɓa yi ba, ƙananan ƙorai ake kifewa a ruwa, amma Inna ba ta yi musu ba. Ta ce a saro sanduna biyu marasa nauyi, a naɗe kawunansu da tsumma, a ɗaura mata su ta bayan hannu, a wuyan hannun, yadda tafin ba zai taɓa komai ba. Inna tana ɗaurawa tana danne murmushi.

"Yaya, sanda fa? Ba jaki ake kora da ita ba?"

"Yau ni ce jakar. Ƙara tamkewa."

Ranar farko abin bai yi kyau ba. Masakin ya yi ta yawo a kan ruwa, in ta buga ya gudu, in ta bi shi ya tuntsure ya jiƙa mata zani. Ta zage shi, ta zagi wanda ya shuka shi. Rana ta biyu ta tsoma ƙafar dama a daron, ta maƙale bakin masakin da babban yatsa ta ƙarƙashin ruwa don ya tsaya wuri ɗaya. A nan ta gano abin. In ta ɗan ɗaga bakin iska ta shiga, muryar sai ta yi ƙasa ta yi kauri. In ta danne iskar ta fita, sai ta tashi sama. Abin da da take yi da tafi da dunƙule, yanzu yatsan ƙafa ne ke yi. Na ga fuskarta lokacin da ta ji. Ta buga, ta saurara, ta sake bugawa, har rana ta take, ruwan daron ya yi ɗumi.

Kiɗan yana fita har zaure, har bakin hanya. Kwanakin nan Baba ba ya shigowa cikin gida sai cin abinci, ya ci ya fita, ba ya kallon wajen daron. Ranar wuni da sassafe muka fito muka tarar da jakinsa a ƙofar gida da akumari, daro a ɗaure gefe ɗaya, masaki gefe ɗaya a naɗe cikin bargonsa. Shi kuwa ya tafi gona. Goggo ta sunkuya ta dubi igiyar ta ce, "Ɗaurin makiyayi ne wannan." Aka ɗora ta, Inna ta ja jaki, ni ina biye.

Gidan tsohuwar ɗaki biyu ne da danga. Da muka isa mata ba su fi goma ba a tsakar gida, amarya tana ɗaka. Zabiya ta riga mu. A damanta, a wurin Goggo, matar nan da ta samo a Gwarzo ce zaune da nata masakin. Da ta ga Goggo sai ta yunƙura za ta tashi.

Goggo ta ce, "Zauna, 'yata. Wurin mai tafi ne."

Ta wuce baya, ta zauna a ƙarshen tabarmar masu koyo. Mata suka fara raɗa. Na ji wata tana cewa, "Wayyo, duniya." Tulu huɗu aka juye kafin daron ya cika. Inna ta ɗaura mata sanduna, ta tsoma ƙafa.

Zabiya ta ɗauki waƙa, matar Gwarzo ta shiga. Gaskiya tana da hannu, ba abin da za a kushe. Goggo ta bari aka yi zagaye guda cur ba ta taɓa ba, kanta a karkace, tana saurare. Sai da Zabiya ta ja numfashi za ta sake ɗauka, sannan ta sauke sandar dama.

Ban san yadda zan rubuta wannan ƙarar ba. Ba a kunne na fara jin ta ba, a ƙirji na ji, da ƙasan tabarmar da nake zaune. Tattabarun da ke kan ɗaki suka tashi. Ta sake bugawa, ta ɗaga yatsan ƙafa, muryar ta nutse kamar daga cikin rijiya take fitowa, ta danne, ta taso. Zabiya ta rasa baitinta, abin da aka ce bai taɓa faruwa ba. Ta waiwaya ta dubi baya. Daga nan ta juya gaba ɗaya, ta ba jama'a baya, ta fuskanci Goggo, ta ɗaga murya.

Matar Gwarzo ta yi ƙoƙarin bi na ɗan lokaci. Can sai ta ɗage hannu, ta ja tabarmarta da masakinta ta koma gefen masu sanduna, ta riƙa raka Goggo a hankali. Ba wanda ya ce ta yi. Haka baya ya koma gaba ba tare da Goggo ta motsa daga inda take ba.

Kafin azahar danga ta fara kwanciya. Matan da ke tsigar gyaɗa a gonakin bayan gari suka bar harawa a ƙasa suka taho da ƙasa a hannu. Na maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, daga baya suka zagayo. Wasu daga wata unguwa suka ce sun zaci ganga ce maza suka shigo da ita cikin mata, sun zo ganin rashin ta-ido. Tsohuwar da ta ji tsoron a gan su su uku ta rasa tabarmar shimfiɗawa, ta rasa ruwan ba baƙi, ƙarshe ta jefar da sandarta ta shiga fili. Zabiya ta saka Goggo a waƙa nan take, tana kiranta Bafillatanar da wuta ta ɗanɗana ta tofar. Goggo ta amsa mata da bugu uku masu kauri, waɗanda duk wanda ya san su biyun ya san zagi ne, fili ya ɗauki shewa. Aka fito da amarya a lulluɓe, ta durƙusa gaban daron, ruwa yana fantsar mata a lulluɓi, ta ƙi tashi.

Sai la'asar aka tsaya. Inna ta ja Goggo bayan ɗaki ta kwance sandunan. Wuyan hannuwan sun kumbura, igiya ta yi musu zobe. Ta warware ƙyallen a hankali, dama, sannan hagu. Babu jini. Sabuwar fatar tana nan lafiya, ja-ja, ko tsaga babu.

Goggo ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Akwai sauran tuwo? Ki ba ni a baki, yau ban ƙi ba."

Da muka dawo gida Baba yana zaure. Ya karɓi jakinsa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Durun. Sannan, yana kwance akumari, bayansa gare mu, ya ce, "Har gona ta gabas ana ji." Gonar gabas kuwa ba ta kusa da Durun. Inna ta ce mini daga baya ba gonar gabas ya je ba ranar.

Wata uku suka cika, fata ta yi ƙwari, malamin asibiti ya sallame ta. Ta koma turmi, ta koma kasko a kan sabon murhu. Kowa ya zuba ido ya ga ranar da za ta ajiye sanda ta koma tafi. Ba ta koma ba. Shekara goma sha ɗaya, daga Kabo har Gwarzo, duk bikin da ta ci goronsa da daro take zuwa, kuma kullum a baya take zama, Zabiya na ba jama'a ƙeya. Yau in kika shiga wuni a yankinmu za ki ga masaki a kan ruwa da mace ta tsoma ƙafa, yara suna zaton haka aka gada.

Ni dai abin ya tsaya mini. Matar da ta ce da hannunta take magana da ƙwarya, hannun ya warke, me ya hana ta? Ba ni da yawan tambaya, amma wannan na yi mata ita ya fi sau biyar. Sau ɗaya ta ce ta saba da wankin ƙafa. Sau ɗaya ta ce in ta daina, mai daro zai yi fushi. Zuwana hutun ƙarshe na ga ta ɗauke tukunya daga wuta da hannu, ba tsumma, tana ta hira. Na sake tambaya, ta ce, "Malama, ba a ba ku aikin hutu ba ne?"

Jiya aka yi sadakar bakwai, aka kawo Zabiya daga Gwarzo. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, sai an riƙe ta. Ba ta zauna cikin mata ba, ta ce a kai ta ɗakin kudu. Na kai mata ruwa na same ta zaune a bakin gado, masakin a cinyarta, tana shafa shi. Na durƙusa na gaishe ta, ta gane muryata. Na yi ta juya maganar a baki, sannan na tambaye ta abin da ya hana Goggo komawa tafi.

Ta daina shafa masakin.

"Ta rantsar da ni kada kowa a gidan nan ya sani," in ji ta. "Ta ce za ku fara tausayinta, ita kuwa ta ƙoshi da tuwo a baki. To yanzu ba ta nan balle ta kore ni daga ɗaki. 'Yar nan, tafin nan bai warke ba. Fata ce kawai ta rufe. Tun daga ranar kaskon ba ta ƙara jin komai da shi ba, ba zafi, ba sanyi, ba ƙwarya. Da wata ukun suka cika ta zo gidana ta gwada, ta buga masaki da tafi, ta ce kamar hannun wata ne. A wuyan hannu take jin kiɗan, ta cikin sandar, da yatsan ƙafa. Shekara goma sha ɗaya ina waƙa a kan hannun da ba ya jin komai, kuma ko sau ɗaya bai saɓa mini ba. Ni mai baki da kunne na yi kuskure ya fi a ƙirga. Ita ko ɗaya."